Jaka Sittin Don Hawan Dutse? Adarawa, Ku Gama Dariyar Tukuna

Akwai wata ƙasa can cikin duwatsun Himalaya, matse tsakanin Indiya da Sin, ana ce da ita Butan. Sarki gare su, addinin Buda suke bi, kuma baƙon da ya zo yawon buɗe ido sai ya biya gwamnati dala 100 a kan kowane dare da zai kwana. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu da ko ƙosai ɗaya ba ta saye ba. Da sefa abin ya kama jaka 55 zuwa 60. Wannan kuɗin taka ƙasa ne kawai. Masauki daban, abinci daban, mota daban, ɗan rakiya daban. In gari ya waye kuma, baƙon nan da ya zubar da kuɗin tunkiya tun bai karya kumallo ba, sai ya ɗaura takalmi, ya ɗauki sanda, ya bi bayan wani saurayi su yi ta hawan dutse har gwiwa ta fara ƙara.

To bismilla, ku yi dariyarku ku gama, ina jira. Na san tun daga fadar shayin Tebaram har rumfunan kasuwar Tawa babu mai barin wannan labari ya wuce bai tofa ba. Ga Alhaji can, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana biɗa a Abijan, ya ajiye kofi yana gyara zama. "Wanga hauka na. Wahala aka saye da kuɗɗi? Su taho nan in ba su jarka biyu su ɗebo muna ruwa, kyauta, har in sa musu albarka."

Allah ya ƙara girma, Alhaji, ban ƙi taka ba. A Adar tafiyar ƙasa aiki ce. Wanda ya tashi yana bin jaki zuwa rijiya, ko yana kora tumaki daga wannan kwari zuwa wancan, ba za ka ce masa ya zo ya yi tattaki don nishaɗi ya dube ka da mutunci ba. Amma ina da tawa tambayar. Duk faɗin Nijar wa ya kai Ba'adare yawo? Abijan, Lome, Kwatano, Legas, Duwala, Librebil, Tamanrasat, Sabha, ko'ina ka sauka in ka yi sallama da ƙarfi wani ɗan Tawa zai amsa daga bayan teburi. Sai dai ka zaunar da shi ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani. Zai lissafa maka kuɗin mota daga nan har iyaka, shingaye nawa ne a hanya, farashin atamfa a Ajame ta Abijan, da unguwar da haya ke da sauƙi. Ka ce teku fa? "Ruwa na, da yawa." Labarin teku ya ƙare ke nan. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin ruwan da wasu ke tara kuɗin shekara don su zo su gani, shi ko sau ɗaya bai tsaya ya dube shi ba, sai in akwai mai sayen agogo a wurin.

Bari in nuna muku abin da masu biyan kuɗin nan ke samu, kada ku ce na ɓoye muku. Jirgi kan sauka a Paro, cikin wani kwari da duwatsu suka yi wa zobe, filin da matuƙa ƙalilan ne aka amince su sauka a cikinsa. Wurin da kowa ke ɗoki shi ne Taktsang, gidan ibadar da aka maƙala a jikin gangaren dutse, mita 900 sama da kwarin, mita 3,120 sama da teku. An gina shi a 1692, a bakin kogon da suka ce wani babban malaminsu, Padmasambaba, ya yi halwa a ƙarni na 8, bayan ya iso wurin a bayan damisa mai tashi sama. Kada ku harare ni, ba ni na ce ba. Kuma ku da kowane gida ke da kakan da harsashi ba ya huda shi, ku yi haƙuri da damisar mutane.

Hawan awa biyu ne zuwa uku, cikin daji mai dogayen itatuwa, ƙyallaye masu launi biyar da aka buga addu'o'insu a jiki suna kaɗawa a kan igiyoyi. Mai ciwon gwiwa ana ɗora shi a doki har rabin hanya, inda akwai rumfar shayi, daga nan doki ya ce ga garinku. Can dab da ƙarshe, lokacin da ginin ke gabanka har kana jin hannu zai kai, sai hanya ta yi ƙasa. Ka sauka matakala ɗaruruwa har gindin wani ruwa mai zubowa daga sama, ka sake hawa wasu. A ƙofa a karɓe waya da kyamara da jaka, a ce ka tuɓe takalmi. Wato ka biya, ka sha wuya, kuma ko hoton ciki da za ka tura wa 'yan gida ta WhatsApp ba ka samu ba. Gobara ta cinye ginin a 1998, suka sake ɗora shi a nan inda yake, aka gama a 2005. Wannan na masu yini ɗaya ke nan. Masu ƙarfin hali akwai tsohuwar hanyar ƙafa mai kilomita 403 da ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, wadda aka gyara aka sake buɗewa a 2022, akwai kuma wata ta can sama da ake fin mako uku a kanta ana ƙetare mashigai masu mita 5,000. Dutsensu mafi tsawo kuwa, Gankar Punsum, mai mita 7,570, ko nawa za ka biya ba a hawansa. Sun ce mazaunin iskokinsu ne, suka kafa doka, har yau ba a taɓa taka ƙololuwarsa ba.

Malam ya yi gyaran murya, na kuwa san inda za shi. "Ɗana, wanga ba kallon gumaka ba na?" Allah ya gafarta Malam, babu wanda ya ce a je a rusuna wa kowa. Ba tallan addininsu nake ba, ba kuma tikitin Butan nake sayarwa ba. Amma Malam ya fi ni sanin wuraren da Littafi ya yi umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda na da suka ƙare. Ga kuma Alhaji nan zaune, shi ne shaidata. Shekarar da ya sauke farali, wa ya aike shi hawan Dutsen Nur? Ba ya cikin rukunan hajji, malamai ma cewa suke ba dole ba ne. Ya hau cikin dare, da tumbinsa, yana haki yana dafa bango, don kawai ya leƙa kogon Hira da idonsa. Yau shekara nawa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha labarin matakalan nan da birran da ke fizge wa mutane leda. Ashe dai Alhaji ya san daɗin hawan dutse, in dutsen yana da labari.

To mu dawo gida, don can nake son kai ku tun farko. Butan dukanta murabba'in kilomita 38,394 ce, mutanenta ba su cika 800,000 ba. Jihar Tawa ta kusa linka ta uku a faɗi, mutane kuwa tun ƙidayar 2012 mun haura miliyan 3. Tsawo kam sun fi mu, babu gardama. Tudun Adar mafi tsawo bai kai mita 800 ba, abin da a wurinsu ko suna ba za a ɓata a raɗa masa ba. Ko Bagzan na Abzin, mai mita 2,022, bai kai inda babban birninsu Timfu yake zaune ba. Amma mun riga mun gama da wannan a kan Alhaji: labari ake bi, ba tsawo ba.

Ka bar Tawa da asuba cikin Disamba ko Janairu, ka nufi gabas wajen Tamaske da Keita. Ka sauka a gindin dutsen da ya yi maka, ka gaida maigari, ka roƙi a ba ka yaro makiyayi ya shige gaba. Daga ƙasa yashi ne da gonakin da aka girbe, karan gero a tsaye, raƙumi na kalar abin da ya rage. Kana fara hawa ƙasa ta sauya, ta koma fari-fari, tana marmashewa a ƙarƙashin takalmi. A nan za ka rage sauri ka sunkuya. Cikin farin dutsen nan akwai ɓawon katantanwa iri-iri, akwai kuma wani dunƙulallen abu da bai cika tafin hannu ba, mai zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa, an zana shi tsaf da ɗigo-ɗigo. Ka tofa masa yawu ka goge da babban yatsa, zanen ya fito sarai. Yaron zai dube ka yana mamaki, don shi da irinsa yake jifar awaki. Dabbar teku ce ta zama dutse. Masana ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, nan inda akuya ke neman inuwa teku ne, wanda ya ratso Sahara. Farin dutsen da masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti, ragowar halittun tekun nan ne. Wato Alhaji, benen da ka gina a Tawa kake hana mu barci da zancensa, da katantanwa ka gina shi.

Turawan da suka zo shata iyaka a farkon ƙarni na 20 sun tsinci irin waɗannan a Tamaske da Garadume, suka kai su Landan da Paris aka rubuta su a littattafai. A arewa kuma, wajen Kawo, akwai dutsen Igdaman inda aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin ƙadangare, mai dasassun haƙoran fasa ɓawo. A 1991 aka raɗa mata sunan wurin, Igdamanosaurus. Ɗan makaranta mai son irin waɗannan dabbobi a Japan na iya sanin sunan nan, kai da ke bi ta Kawo za ka kasuwar Cintabaradan ba ka taɓa jin sa ba. Abin da ya fi ba ni dariya, ƙololuwar Eberest, sarkin duwatsun Himalaya, ita ma farin dutsen ƙarƙashin teku ce. Nasu ƙasa ta tunkuɗa shi sama, yawanci sai da iskar kwalba ake kai gare shi, namu ta bar shi inda yaro ke sa hannu ya ɗauka.

Ka ci gaba da hawa. Can sama dutsen ya koma ja da baƙi, mai nauyi, yana ƙara in ka buga ɗaya da ɗaya. Saman shimfiɗe yake, fako ne fetal, sai geza da sabara da anza nan da can, iskar hunturu na shiga kunne. Sannan ka juya ka dubi inda ka fito. Kwari kore shar da albasa da tumatir, ruwan madatsa na ƙyalli, rumbunan ƙasa masu ƙaton ciki jere a bayan gari, jajayen shanun Azawak na saukowa shan ruwa a layi. Garin da ka sani tun kana yaro, daga nan sai ka ga ashe ba ka taɓa ganinsa ba: ka gane dalilin da ya sa na da suka kafa shi a jingine da dutse, inda ake hango mahara tun suna nesa. Daga irin duwatsun nan maƙeran Adar suka riƙa haƙar tama suna narkawa su fitar da ƙarfen hauya da mashi. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin aikin a shekarun 1960, tun ana samun tsofaffin da suka iya.

Masarauta 'yan Butan suke taƙama da ita? Gidan sarautarsu na yanzu a 1907 ya hau. Mu a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karya rundunar Kabi ya karɓe Adar, shekara 18 kafin a aza tubalin farko na Taktsang. Ya yi sarautar Agadas, 'yan'uwa suka tuɓe shi a 1721, ya dawo nan ya zauna, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Kafin shi akwai Azna, ciki har da waɗanda ake ce wa Aznan ramu, masu cewa kakanninsu daga cikin kogon dutse suka fito. A Masalata kusa da Ƙonni har yau ana taruwa shekara-shekara a yi arwa, a duba abin da damina za ta zo da shi. Malam, na ga ka haɗe rai. Ban ce a je a yi imani ba, na ce tarihi ne, kuma kakan wani ne a cikinmu, ba zan nuna da yatsa ba. Farfesa Jibo Hamani ya rubuta tarihin Adar tun 1975, jami'ar Tawa ma sunansa take ɗauke da shi. Ina so in san ɗalibai nawa ne a cikinta suka taɓa tambayar inda tsohon Birnin Adar yake.

Sai ga murya daga bayan darni. Inna ce, ashe tun ɗazu tana ji. "Kai yaro, duwatsun da munka ɗauka bisa kai shekara da shekaru, su zaka kai mu kallo?" Inna, ki yi mini aikin gafara, ke ba ki cikin masu biya, ke za a biya. Furojen Keita ya fara a 1984, shekarar da fari ya gigita ƙasar nan, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana sallamar ma'aikata da abincin PAM. Maza sun tafi biɗa, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin gangare, suka jera duwatsu layi-layi a kan fako, suka ɗauko ɗiyan itace a kai suka hau da su, wata da goyo a baya. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da hekta sama da 30,000, an yi madatsun ruwa masu yawa. Butan na alfahari da cewa tsarin mulkinta na 2008 ya wajabta kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya zauna daji har abada. Madalla da su, amma su Allah ya ba su ruwan sama, tsare abin da suka tarar suka yi. Matan Keita a kan busasshen dutse suka dasa nasu. Haka layukan dogon yaro da aka fara shukawa a kwarin Majiya tun 1975 don karya iska, haka tassa da manoman Illela suka gyara bayan sun je Yatenga ta Burkina a 1989 sun ga yadda ake yi, har fakon da aka yafe ya koma gonar da ake saye da kuɗi. Masana daga ƙasashen waje sun daɗe suna zuwa kallon waɗannan, su ɗauki hoto, su rubuta rahoto, su karɓi kuɗin tafiya. Yawon buɗe ido ne aka sa wa rigar aiki, Inna kuwa da ta yi aikin ko goro ba ta gani ba.

Abinci ba zan daɗe a kai ba. Na Butan na ƙasa barkono ne da cuku, a dafa su tare a ci da jar shinkafa, kuma barkonon shi ne miyar gaba ɗaya. Cuku! Wa zai gaya wa ɗan Abalak cuku? A ƙara da kilishi, da fura da nonon Azawak, da albasar Galmi, da kifin Tabalak. Tafkin Tabalak ma tun 2005 yana cikin jerin dausayin da duniya ta yarda a kiyaye, kuma tsuntsaye daga Turai can suke zuwa ci-rani duk hunturu, babu biza, babu dala 100. Su dai sun gane wurin. Wasan Butan na ƙasa harbin kibiya ne, daga nisan mita 145, kuma rabin wasan zolaya ce: in abokin hamayya ya kuskure, a yi masa waƙa da rawa a gabansa. Mu muna da kokowa, da kirari da makaɗa da layu. A Tawa aka fara gasar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zo har gida ya tafi da ita, amma wannan ba sai mun faɗa wa baƙi ba.

Wani ƙanena daga Tebaram bai yi dariya ba tun da aka fara. Yanzu ya ɗago kai. "Yaya, wace hanya za su bi?" Nan kam babu zolaya. Mutumin Tebaram, da na Takanamat, da na Tilliya, ya san abin da ake nufi da a kwana ana sauraren ƙarar babur. Ya san satar shanu, ya san harajin dole da 'yan bindiga ke kira zakka. A watan Maris na 2021 mutum 137 aka kashe a ƙauyukan Tilliya a yini guda, Allah ya jiƙansu. Wanda bai iya zuwa gonarsa ta nesa da kwanciyar hankali ba, ba za ka zo masa da zancen baƙi masu sanda da kyamara ba. Bature ma yanzu ba ya yawo cikin ƙasar nan sai da rakiyar soja, kuma babu mai biyan kuɗi ya zo shan iska tsakanin bindigogi. Mun ga yadda abin yake a Agadas. Shekarun baya jirage kan taso daga Faransa kai tsaye cike da masu son ganin Abzin da Tenere, direba ya ci, ɗan rakiya ya ci, mai raƙumi da maƙerin azurfa su ci. Tawaye ya dawo a 2007, sace-sacen baƙi suka biyo, kasuwar ta watse. Don haka duk wanda ya ce hawan dutse ba ya kawo kuɗi, ya je ya tambayi Agadasawa abin da suka rasa. Wanda kuma ya ce gobe za a fara kawo Turawa Tebaram, ya sha wani abu.

Kada kuma ku ɗauka aljanna nake kwatanta muku. Butan ta yi suna da cewa ita jin daɗin jama'a take aunawa, ba dukiya kaɗai ba, kuma talabijin ma sai 1999 aka bari ya shiga. Amma a farkon shekarun 1990 mutane wajen 100,000 masu harshen Nepal suka bar ƙasar, wasu da kora wasu da tsoro, suka shekara da shekaru a sansanonin gudun hijira. Wannan ba ya cikin abin da ɗan rakiya ke nuna wa baƙo. Yanzu kuma samarinsu da 'yan mata masu ilimi dubbai ne ke kwarara Ostareliya neman aiki, ƙauyuka na komawa na tsofaffi, ana jiran aike daga waje. Ku faɗa mini in wannan labari bai yi muku kama da na wani wuri ba. Adarawa ne da rigar sanyi.

Abin da nake jinjina musu ciniki ne, kuma a nan nake son Alhaji ya kasa kunne, don yarensa ne. Sun buɗe ƙofa a 1974, baƙi 287 suka shiga shekarar. Tun ranar suka ƙi yin araha. Suka ce gara kaɗan masu biya da yawa, da tururuwar masu zubar da leda. A 2019 baƙi sun haura 300,000, yawancinsu 'yan Indiya maƙwabta, waɗanda nasu kuɗin bai kai na sauran ba. A 2022 suka ɗaga harajin zuwa dala 200, kasuwa ta yi sanyi, a 2023 suka sauko 100. Albarka, ragi, sallama, yadda dai kowane ɗan teburi ya sani. Kuma ba a barin baƙo ya shiga duwatsu shi kaɗai, sai da ɗan ƙasa mai takardar izini a gabansa, wanda ya san sunan kowane tudu da abin da ya faru a kansa. Dutsen kyauta Allah ya ba su, bakin saurayin nan ake biya.

Shi ya sa ni ba Bature nake jira ba. Ku nake jira. Duk shekara kuna dawowa daga kurmi da babura sababbi da rediyo mai ƙara, ku yi wata biyu kuna zaune a fada kuna gardamar ƙwallon Ispaniya, shayi na farko, na biyu, na uku, har kuɗin su ƙare a koma. Yini ɗaya cikin wata biyun nan, a tambayi hukuma da masu gari inda hanya ke da lafiya, a ɗauki yara, a je. A nemi tsohuwa irin Inna ta nuna ramin da ta haƙa da itacen da ya fito a ciki, a ba ta abin goro na mutunci, ba jaka ɗaya a naɗe ana ɓoyewa ba. A sallami yaron makiyayi. Malamin lakwal ya kai 'yan ajinsa su tsinto katantanwar dutse su dawo su tambaye shi abin da zai sa shi buɗe littafi. Ɗan da aka haifa a Abijan, wanda in an ce Adar ba ya tuna komai sai zafi da ƙura, a hau da shi ya ga kwarin kakansa daga sama.

Alhaji ya daɗe shiru, yana juya casbi. Na zaci barci ya ɗauke shi, sai ya buɗe ido ɗaya.

"Can bisa dutcin, akwai mai saida ruwa?"

Babu, Alhaji.

"Shayi fa? Ko biskit?"

Ko ɗaya.

"Kuma ka ce mutane za su hau, su gaji, su ji ƙishirwa." Ya juya wajen ƙaramin ɗansa. "Kai, tashi ka dubo mini ko jakin gidan Malam na haya na."